Dankali da Sosej da Cuku a Kasko Ɗaya

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan kaskon da kuke gani, shi kaɗai za mu ɗora a wuta yau, daga cikinsa kuma sai faranti. Girkin Amurkawa ne, irin wanda suke yi a ranakun aiki idan an dawo gida a gajiye, yara suna jira, ba mai ƙarfin tsayuwar awa biyu a kicin. Dankalin turawa ne da sosej da cuku. Minti 35 zuwa 40 ya isa, kuma zai ƙosar da mutum huɗu.

Kafin mu kunna wuta, bari mu fara da maganar sosej, don ita ce ta fi muhimmanci a wurinmu. A Amurka an fi yin wannan girki da kyafaffen sosej da ake kira kiyelbasa, wanda mutanen Poland suka je da shi can, kuma galibinsa na naman alade ne. Mu na naman sa ko na kaza za mu saya. Amma don an rubuta naman sa a gaban leda, kada ku tsaya a nan. Ku juya bayanta ku karanta jerin abin da aka haɗa, domin akwai sosej ɗin da namansa na sa ne amma hanjin da aka ɗura shi a ciki na alade ne. Ku nemi tambarin halal. Idan kuka sami kyafaffe, to galibi an riga an dafa shi, suya kawai yake buƙata. Ɗanye kuwa sai ya dahu har ciki, musamman na kaza. Giram 400 muke so. Ku yanka shi zagaye-zagaye, kaurin kamar rabin ɗan yatsa.

Sai dankali, kilo ɗaya, wato matsakaita guda shida ko bakwai. Muna ce masa na turawa ne saboda ta hannunsu ya iso mana, amma asalinsa daga tsaunukan Andes ne, wajejen Peru, Sifaniyawa suka kai shi Turai a ƙarni na 16. Wanda muke samu a kasuwanninmu yawanci daga Filato yake zuwa, daga irin su Bokkos da Mangu, inda sanyin ƙasar ya karɓe shi. Wajen zaɓe, ku ɗauki mai tauri da santsin baya. Wanda ya yi kore ko ya fara tsiro, ku yanke wurin sosai, idan koren ya yi yawa ku bar shi gaba ɗaya, domin a nan wani sinadari mai ɗaci da ɓata ciki yake taruwa.

Ku duba yankan da nake yi. Ƙanana ne, masu kusurwa huɗu, kowanne bai wuce girman dunƙulen magi da ɗan ɗoriya ba. Kuma ku yi ƙoƙari su zo daidai da juna. Idan wani babba ne wani ƙarami, ƙaramin zai faffashe alhali babban bai dahu ba. Ni ba na fere bawon idan dankalin sabo ne, wankewa kawai nake yi da kyau, don bawon yana soyuwa ya yi daɗi. Wanda ya fi son ferewa ya fere.

Bayan yanka, ku zuba shi a ruwan sanyi ku cuɗa da hannu. Kun ga ruwan ya yi fari kamar an dama gari? Sitacin da ke jikin dankalin ne, kuma shi ne ke sa ya manne wa kasko ya kama juna. Ku tsiyaye a gwagwa, sannan ku juye a tsaftataccen ƙyalle ku tsane shi sosai. Wannan tsanewar kada a yi mata ƙyuya. Jiƙaƙƙen dankali idan ya shiga mai ba ya soyuwa, turara yake yi, sai ya fito fari fat kuma lugub.

Yanzu cuku, wanda a kantuna za ku ji ana ce masa ciz. A nan ne mutane da yawa suke tambaya: ba za a iya amfani da namu na gida ba? Cukun Nijar, wanda ake shanyawa fale-fale ya bushe, da wanda Fulani ke yi da nono da ruwan tumfafiya, wanda a Ghana da Benin ake kira wagashi, dukansu abinci ne masu daɗi, amma ba sa narkewa su malale. Wagashi ko a tafasasshen mai kuka jefa shi zai soyu ne ya tsaya da siffarsa. Idan shi kuke da shi, ku soya shi daban ku barbaɗa a kai, zai yi daɗi, sai dai girkin ya zama wani iri. Wanda muke so yau mai narkewa ne. Cheddar, wanda ya samo sunansa daga wani ƙauye a yankin Somerset na Ingila, shi ne mai ɗanɗano. Mozzarella na Italiya shi ne mai jan nan kamar danƙo, amma ɗanɗanonsa ba ƙarfi. Ni nakan haɗa su, cheddar ya fi yawa, duka giram 150 zuwa 200. Ku sayi na curi ku goga da kanku da abin gogar kuɓewa. Wanda ake sayarwa a goge ana barbaɗa masa garin sitaci don kada ya dunƙule a leda, kuma wannan garin yana rage masa kyan narkewa.

Sauran kayan sanannu ne: babbar albasa ɗaya, tattasai biyu, attaruhu ɗaya ko biyu, tafarnuwa sala uku, ɗan masoro, da lawashi. Amurkawa ba su cika sa attaruhu ba, amma a ganina maiƙon sosej da cuku yana buƙatar abin da zai yanke shi, in ba haka ba yakan gundure mutum tun bai kai rabin faranti ba.

Bismillah, mu kunna wuta. Kasko mai kauri da faɗi, wanda ke da murfi. Wuta matsakaiciya, man gyaɗa cokali ɗaya. Sosej ne zai fara shiga. Ku jera shi, kowane yanki ya kwanta a jikin kasko, ku bar shi minti 2 zuwa 3 kafin ku juya. Kun ga gefensa ya yi ja-ja? Ku kwashe a faranti, amma man ku bar shi. Man nan ya ɗauki ƙamshin hayaƙi da kayan yajin sosej, kuma a cikinsa dankalin zai soyu. Dalilin da ya sa ba mu fara da dankali ba ke nan.

Ku ƙara mai cokali biyu, ya yi zafi, sai ku zuba dankalin ku baza shi shimfiɗa ɗaya. Idan kaskonku ƙarami ne ku raba shi biyu, kada ku tula. To, a nan ne ake buƙatar haƙuri. Ku ajiye cokalin. Minti 5 cur ba juyawa. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, domin mun saba da cewa abin da ba a juyawa ƙonewa yake yi. Amma gefen da ke kwance a kasko yana buƙatar lokaci kafin ya yi ɓawo, kuma da zarar ya yi, da kansa zai saki kaskon. Idan kuka taɓa kuka ji yana riƙe, bai kai ba. Wannan jan da ƙamshin da ke tashi, haɗuwar sukari ne da sinadaran furotin a kan zafi mai ƙarfi, abin da wani Bafaranshe mai suna Louis-Camille Maillard ya yi bayaninsa a 1912. Shi ne dai ke ba tsire da ɓawon burodi ƙamshinsu, kuma ba ya samuwa sosai inda akwai laima.

Yanzu ku juya, ɗaya gefen ma ya sami minti 3 ko 4. Waje ya soyu, amma cikin da saura. Sai ku zuba ruwa kwatan kofi, ku yi maza ku rufe, ku rage wuta. Ku yi hankali da fallatsin mai. Tururin zai dafa cikin a minti 8 zuwa 10. Ku buɗe ku soka tsinin wuƙa, idan ta shige ba gardama ya yi. Ku bar murfin a buɗe, sauran ruwan ya ƙone, ɓawon ya dawo.

Ku ture dankalin gefe, ku zuba albasa da tattasai da attaruhu a tsakiya, minti 3. Tafarnuwa ce ƙarshe, daƙiƙa 30 kawai, don saurin ƙonewa gare ta kuma idan ta ƙone ɗaci take yi. Ku mayar da sosej da duk man da ya tsatso a farantin, ku gauraya. Ku ɗanɗana kafin ku sa gishiri ko magi. Sosej da gishirinsa, cuku ma da nasa, kuma cukun bai ma shiga ba tukuna.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne inda girkin ya fi lalacewa. Ku kashe wuta. Ku kashe ta gaba ɗaya, idan gawayi ne ku sauke kaskon ƙasa. Sannan ku barbaɗa cukun ko'ina, ku rufe minti 2. Zafin dankalin da na kaskon ya ishe shi. Idan aka bar shi a kan wuta, mansa zai tsatso ya kwanta a sama, abin da ya rage ya tattare ya zama kamar roba, ƙasan kuma ya kama.

Mu buɗe mu gani. Masha Allah, kun ga yadda ya bi tsakanin dankalin ya lulluɓe shi. Ku watsa lawashi, ku kai kaskon tsakar tabarma ko tebur da zafinsa, domin cuku yana fara daskarewa cikin 'yan mintuna. Yankakken tumatir da kokwamba da ɗan lemun tsami a gefe sun wadatar. Idan ya ragu, ku sa a firji da zarar ya huce, da safe ku ɗumama a kasko da wuta kaɗan, ku fasa ƙwai biyu a kai ku rufe har su dahu.