Daga Dawanau: Da ECOWAS Ta Shigo Nijar Da Yaƙi, Wa Za A Harba?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ga sababbin zuwa, ni ɗan Damagaram ne amma a Kano nake neman abinci, yau kuma ga mu a kasuwar Dawanau, ku yi haƙuri da ƙarar tireloli. Kun ga buhunan can da 'yan dako suke saukewa, wake ne, na gefensu kuma aya ce daga wajen Maraɗi. Mai kayan Bakano ne, direban ɗan ƙasarmu ne, kuma in ba ka ga lambar motar ba wallahi ba za ka ce ga ɗan Nijar ga ɗan Najeriya ba.

Abin da ya sa na zo nan, jiya a majalisa musu ya kaure, wani bawan Allah ya dage wai sojan da ya ƙwace mulki bindiga kawai yake ji, da ECOWAS ta cika alkawarinta na shiga Nijar da soja a 2023 da yanzu an wuce wurin. To ni dai ban yarda ba, kuma ba don ina son juyin mulki ba, Allah ya sani ban ji daɗin abin da aka yi wa Bazoum ranar 26 ga Yuli ba, mutumin da jama'a suka zaɓa a kulle shi da iyalinsa, wannan zalunci ne ko wa ya yi shi.

Amma ku duba yadda aka bi. Ranar 30 ga Yuli ECOWAS ta zauna a Abuja aka ba sojojin wa'adin mako ɗaya, ko su maida Bazoum ko a zo da soja, aka rufe boda, aka yanke wutar da Najeriya ke ba mu. Wa abin ya taɓa? Janar Tiani da ya ƙwace mulkin dai bai kwana a duhu ba. Talaka ne ya ga farashin shinkafa ya tashi, magani ya yi wuya, motoci suka yi layi a Jibiya da Kongolam kaya na lalacewa a ciki, nan Kano ma 'yan Kwari da suke sayar wa mutanenmu atamfa da shadda sun ji a jikinsu. Kuma ranar da wa'adin ya cika, 6 ga Agusta, filin wasa na Seyni Kountche a Yamai ya cika da masu goyon bayan sojojin, cikinsu har da waɗanda a da ba ruwansu da su, barazanar ce ta tura su can don ba wanda zai so ya ji za a shigo ƙasarsa da tankoki.

Sannan wa za a harba? Jihohi 7 na Najeriya ne ke kan iyaka da mu, daga Kebbi har Borno, gida ɗaya za ka samu kaka tana Magarya jikoki suna Ɓaɓura. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Su kansu sanatocin Najeriya ranar 5 ga Agusta sun ce a bi ta sulhu.

Yanzu ku lura da waɗanda aka buɗe wa ƙofa. Tawagar farko ta Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ko Tiani ba su gani ba, saboda sun zo da wa'adi a bayansu. Amma ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi na biyu ya je tare da Sarkin Damagaram aka zauna da su, bayan kwana kaɗan malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau suka je aka yi doguwar magana, kuma bayan nan ne Abdulsalami ya koma ranar 19 ga wata har ya ga Bazoum da idonsa. A daren Tiani ya ce shekara 3 zai yi, ECOWAS ta ce ba ta yarda ba. Ni a ganina nan aka yi asara, da an riƙe wannan ukun an yi ciniki a kai, a ce to sako mana Bazoum tukuna. Yau ina aka kwana? An janye takunkumin a Fabrairun 2024 ba a samu komai ba, Nijar da Mali da Burkina sun fice daga ƙungiyar, a Maris 2025 kuma aka rantsar da Tiani na shekara 5.

Mutumin majalisarmu ya kawo misalin Gambiya, kuma gaskiya ne a 2017 sojoji sun shiga Jammeh ya tafi. Sai dai Gambiya 'yar ƙarama ce Senegal ta kusa zagaye ta, kuma ko a nan sai da shugabannin Gini da Muritaniya suka zauna da shi suka ba shi hanyar fita. Mu misalin da muka sani a jikinmu Libiya ce, 2011 NATO ta yi ruwan bama-bamai, Gaddafi ya tafi, makamansa suka watsu cikin Sahara, shekara na zagayowa arewacin Mali ya faɗi, har yau muna binne mutane saboda wannan.

Abin da ya fi damuna yanzu shi ne dajin da ke tsakaninmu. 'Yan bindiga da Lakurawa ba sa tsayawa a boda a buga musu fasfo, ga shi Nijar ta fita daga rundunar haɗin gwiwa ta tafkin Chadi. Dole Abuja da Yamai su riƙa zama ko ba sa ƙaunar juna, a sake tura sarakuna da malaman nan tunda an ga ana jin maganarsu, kuma maganar Bazoum ta kasance a kan tebur duk zaman da za a yi.

Bari in matsa gefe tirela na son juyawa. Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Kwari in ji ta bakin 'yan kasuwar da kansu, nawa rufe bodar nan ta ci musu. Sai mun haɗu.