Ƙaninka ya zo ci-rani, mai gida ya ce a ƙara kuɗin haya

Ka kama ciki da falo a Agege ko Idi-Araba a Legas, kai da maiɗakinka. Bayan wata uku ƙaninka ya sauko daga Arewa ci-rani, ka ce ya raɓa a falo kafin ya samu wuri. Ba a jima ba sai ga ɗan yayarka. Rannan mai gida ya tare ka a bakin ƙofa: mutum biyu na ba wa haya, yanzu huɗu nake gani, ko ka ƙara kuɗi ko ka tashi.

Kafin ka buɗe baki, ɗauko takardar yarjejeniya. In an rubuta adadin mutanen da za su zauna, ka kuma sa hannu, to maganar ta ɗaure ka, kuma mai gida yana da hujja.

In ba a rubuta ba fa? A nan ne dokar haya ta jihar Legas ta 2011 take da amfani. Abin da ta hana ɗan haya shi ne ya ba wani hayar wurin, ko wani ɓangare nasa, ba da izinin mai gida a rubuce ba. Ɗan'uwan da ka saukar don zumunci daban, wanda kake karɓar kuɗin kwana a hannunsa duk wata daban. Da yawanmu a nan muke faɗawa: a haɗa samari shida a ɗaki ɗaya, kowa yana biyan wanda ya kama ɗakin, mai gida bai sani ba. Wannan haya ce a cikin haya.

Kuma a yi wa mai gida adalci. Ruwa na ƙarewa da wuri, masai na cika, mita ɗaya ce ga gidan duka. In mutanenka sun ƙaru, ƙara kasonka na ruwa da wuta tun ba a tambaye ka ba. Amma kuɗin shekara da aka yi ciniki, ka biya, aka ba ka rasit, ba shi da ikon sauya shi shi kaɗai a tsakiyar wa'adi. In ma lokacin sabuntawa ya yi ƙarin da ya wuce hankali, sashe na 37 na dokar ya ba ka damar kai ƙara kotu.

Tashi kuwa yana da ƙa'ida. In yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, mai biya duk wata notis ɗin wata ɗaya ake ba shi, mai biya duk shekara wata shida. Bayan nan sai wani notis na kwana bakwai, sannan kotu. Cire rufin ɗaki, watsar da kaya waje, ko turo 'yan daba laifi ne, hukuncinsa tarar da ta kai naira 250,000 ko ɗaurin da ya kai wata shida. Sai dai dokar ba ta shafi Ikoyi, Apapa, Victoria Island da Ikeja GRA ba.

In magana ta fara zafi, ku je wurin Sarkin Hausawan unguwa, ko cibiyar sasanci ta gwamnatin Legas, wato Citizens' Mediation Centre, inda ake sulhu kyauta. Ka tafi da rasit ɗinka da takardar yarjejeniya, kuma duk abin da kuka daidaita a kai, har da ranar da ƙaninka zai tashi, a rubuta shi ku sa hannu.