Jawabin Maraba ga Mai Girma Gwamnan Kalimantan ta Gabas da ke tsibirin Borneo a Indonesiya, daga Maƙera da Masassaƙan Kogin Mahakam

Mai Girma Gwamna, ranka ya daɗe, muna yi maka barka da zuwa Ujoh Bilang. Shugaban da ya baro Samarinda ya hauro wannan kogi don ya gan mu da idonsa ya wuce a tsaya ana lissafa kyawawan halayensa, saboda haka za mu fara da buƙatarmu: muna roƙon a ba mu ɗaki da ma'aikata da za su rubuta ilimin dattawanmu game da takobin mandau tun suna raye.

Kakanninmu, ƙabilun Kayan da Bahau da Kenyah da Aoheng, su suka narka ƙarfe daga duwatsun ƙasar nan, suka ƙera ruwan takobi mai doro a gefe ɗaya da rami a ɗaya gefen, suka dasa masa ɗigon tagulla. Ƙotar kuwa da ƙahon barewa ake sassaƙa ta, a fito da siffar aso, dabbar nan mai kama da kare, ko siffar matsattsaku, sannan a ɗaura mata gashi. Baƙo yana ganin ado ne kawai, amma dattijo yakan juya ƙota a hannunsa ya faɗi kogin da ta fito. Aikin na da wuya, domin takobi yakan bi fatake daga hannu zuwa hannu, wata ƙabila ta ƙera ruwan, wata ta sake masa ƙota da kube bayan shekaru, har ya zama abu ɗaya mai asali fiye da ɗaya.

Bayan taron sulhu na Tumbang Anoi a 1894 farautar kawunan mutane ta riƙa raguwa har aka daina ta, mandau ya zama kayan gado da na rawa. A shekarun nan ne kuma likitan nan ɗan ƙasar Holan, Nieuwenhuis, ya ratsa yankinmu, kuma kayan da ya tara suna birnin Leiden na ƙasarsu. Abin da ke mana ciwo shi ne yadda takubbanmu da yawa a ƙasashen waje ba a rubuta musu komai sai "Borneo", sunan tsibirin gaba ɗaya, alhali a kasuwanni ana sayar wa 'yan yawon buɗe ido na jabu da sunanmu.

Ranka ya daɗe, akwai maganar hanya da ta wutar lantarki, amma su za su iya jira. Masu karanta ƙota tsofaffi ne, kuma suna ta raguwa. Muna sake roƙo a ware kuɗin wannan ɗaki a kasafin bana, a haɗa mu da gidan tarihi na Mulawarman da ke Tenggarong, domin a ɗauki hoton kowane takobi tare da bayanin dattijon da ya san shi.

Allah ya mayar da kai gida lafiya.