Ƙafa ta taka, saura ƙwaƙwalwa

Daga laccar da wani likita ya gabatar a Katsina, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Iyayenmu maza da mata, sannunku da zuwa.

Idan ɓarin jikin mutum ya shanye, hannu da ƙafa kawai 'yan gida ke kallo. Ranar da Baba ya dogara sanda ya tafi masallaci, sai a ce Alhamdu lillahi ya warke, a jefa ƙwayoyin hawan jini cikin kwalla. Bayan wata shida a dawo mana da shi: yana rikicewa a raka'o'i, lissafin canji ya gagare shi a shago, ya ci tuwo ya rantse ba a ba shi ba. Wani ya ce tsufa ne, wani ya ce sammu. Mu ɗaura masa abin awo, mu ga 180 a kan 100.

Masu noman rani a Ajiwa za su fi saurin gane ni. Shanyewar jiki babbar hanyar ruwa ce ta toshe ko ta fashe, kowa ya gani. Amma akwai ƙananan kwalbatoci da ke kai ruwa kowace komi. Haka ƙwaƙwalwa take da siraran jijiyoyi, hawan jini yana kaurara su, suna toshewa ɗaya bayan ɗaya, ba ciwo, ba faɗuwa. Komi na bushewa, mai gona bai sani ba.

Bayan shanyewa ta farko, kusan mutum ɗaya cikin goma ke kamuwa da cutar mantuwa. Idan shanyewar ta maimaita, sai ya kai kusan ɗaya cikin uku. Wani bincike da ya fito a 2001, kan mutum fiye da 6,000 da suka taɓa samun shanyewar jiki, ya nuna maganin sauke jini ya rage maimaituwarta da kashi 28 cikin ɗari. Da aka duba tunaninsu, aka ga ribar da aka samu mafi yawanta daga nan take, wato hana ta biyu zuwa. A binciken SIREN kuwa, wanda aka yi a Najeriya da Gana har da Kano da Zariya, hawan jini ne ya zo gaba da nisa cikin dalilan shanyewar jiki.

Saboda haka muna so awo ya zauna ƙasa da 130 a kan 80, sai dai a kwanakin farko na kwanciya, da ba ma gaggawar sauke shi. Wannan ku bar wa likita.

Hajiya, na ga kina murmushi, to ga naki: gishirin mutum na yini guda kada ya wuce ƙaramin cokalin shayi, kuma dunƙule da kanwa suna cikin lissafin.

Ranar asibiti kuma, don Allah a haɗo Baba da wanda ke kwana gida ɗaya da shi. Idan na tambaye shi ko yana mantuwa, cewa zai yi lafiya lau. Matarsa ce za ta gaya mini sau nawa ya nemi hular da ke kansa.