Rage ƙiba ba tare da an zubar da tsoka ba: lacca kan furotin da kalori

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena mata, malamai, 'yan uwa, sannunku da zama cikin wannan zafi. Na bayan can kuna jina? To madalla. Abubuwa huɗu zan taɓa in Allah ya yarda: nawa ne furotin ɗin da jiki yake buƙata, a ina ake samunsa, yadda ake jera shi a abincin yini, sai kuma kurakuran da aka fi yi.

Na farko. Duk mai son rage ƙiba dole ya ci ƙasa da abin da jikinsa yake ƙonawa, wannan ba makawa. Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki. Kilo ɗaya na kitsen jiki yana ɗauke da kalori kusan 7,700, don haka wanda ya rage kalori 500 a kullum zai sauke kamar rabin kilo a mako. Amma jiki idan ya ga abinci ya ragu ba kitse kaɗai yake ci ba, har tsoka yake taɓawa. Shi ya sa za ka ga mutum ya bar abinci wata biyu, sikeli ya sauka, amma kafaɗa ta zube, fuska ta yamutse, hawa bene ya gagare shi, tumbin kuma yana nan. Abin da yake tsare tsoka shi ne furotin, wato sinadarin gina jiki, tare da motsa jiki mai ɗan nauyi.

Lissafin ba wuya. Baligi mai lafiya yana buƙatar aƙalla giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. Wanda yake rage abinci kuwa ya fi kyau ya kai giram 1.2 zuwa 1.6. Mai kilo 80 ke nan zai nemi giram 96 zuwa 128 a rana. Idan ƙibar ta yi yawa sosai, a yi lissafin da nauyin da ake son komawa, ba wanda ake ciki ba. Hajiya mai kilo 100 da take son komawa 70, ta ninka 70 da 1.5, ya ba ta 105. A raba shi gida uku, kamar giram 30 zuwa 35 a kowane ci. Ku riƙe 30 ɗin nan, za mu yi ta komawa kanta.

To a ina za a samu giram 30? Ku saurari farashin kowanne, farashi da kalori nake nufi, ba da naira ba. Ƙirjin kaza dafaffe da aka cire wa fata, giram 100, kamar faɗin tafin hannunka ban da yatsu, yana ba da furotin giram 31 a kan kalori 165. Karfasa gasasshiya giram 100 tana ba da giram 26 a kan kalori kusan 130. Ƙwai ɗaya giram 6 ne a kan kalori 70 da 'yan kai, sai ka ci biyar kafin ka kai 30, ka biya kusan 370. Dafaffen wake kofi ɗaya giram 13 ne a kan kalori 200, kofi biyu da ɗan ƙari ke nan, sama da 400. Gyaɗa kuwa, wadda kowa yake cewa ai tana gina jiki, gaskiya ne tana yi, giram 100 nata akwai furotin 26, amma kalorinta ya haura 560. Kafin ka samu 30 daga gyaɗa ka biya kusan 650. Furotin iri ɗaya, wani ya saya a 160, wani ya saya a 650.

Me ya kawo bambancin? Mai. Jama'a, mai ne. Ku ba ni dama in daɗe a nan, don a nan maganar take. Giram ɗaya na furotin kalori 4 ne, na sitaci da sukari shi ma 4, na mai kuwa 9. Babban cokali ɗaya na mai kalori 120 ne, kuma babu ko ɗigon furotin a ciki. Man gyaɗa ne, manja ne, man zaitun ne mai tsada, a wajen kalori duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Wasu suna sayen man zaitun su riƙa kwararawa a kan abinci suna cewa ai na lafiya ne. Yana da amfaninsa ga zuciya, amma cokalinsa 120 ne shi ma.

Yanzu iyayena mata, wa take auna mai da cokali? (dariya) Da ludayi ake zubawa, ko a karkata galan kawai har sai ido ya gamsu. Yau idan kun koma gida ku ɗauki ludayin miyarku, ku cika shi da ruwa cokali-cokali kuna ƙirgawa. Idan ya ci cokali biyar, kalori 600 ke nan a ludayi ɗaya, ya fi na cikakken kwanon abincin rana da zan lissafa muku anjima.

Ku dubi wake. Wake ɗaya aka jiƙa, aka surfa, aka markaɗa. Rabin ƙullun aka ƙulla aka dafa ya zama alala, rabi aka jefa a kasko ya zama ƙosai. Furotin ɗinsu ɗaya. Amma ku ɗora ƙosai uku a kan takarda ku dawo bayan minti biyar, za ku tarar takardar ta jiƙe har ana ganin haske ta cikinta, kuma wanda ya fito ɗin kaɗan ne a kan wanda ya zauna a ciki. Sannan ita ma alalar, idan aka tuttula mata manja a ƙullu, aka sake yi mata miya tana ninƙaya a mai, an koma gidan jiya. Ƙullun gwangwani biyu na wake cokali biyu na mai ya ishe shi, a ƙara albasa da attaruhu da tattasai da busasshen kifi, ɗanɗano zai fito.

Awara ma haka, kuma ita ce take ba ni tausayi, don babu furotin mai araha kamarta a unguwanninmu. Waken suya busasshe giram 100 yana da furotin wajen giram 36, ya fi waken da muka saba. Awarar da aka tace, aka dafa, aka sa mata ruwan tsami ta dunƙule, aka matse, tana ba da giram 8 zuwa 17 a giram 100, gwargwadon yadda aka matse ruwan. Har nan lafiya lau. Sai a yanka a jefa a tafasasshen mai, wani lokaci a tsoma a ƙwai a sake soyawa, ita kuma kamar soso take, tana shanyewa. Ku gwada wannan: a matse ta sosai, a yanka falle-falle, a barbaɗa gishiri da yaji, a shafa ƙaramin cokali ɗaya na mai a kasko, kalori 40 ke nan, a gasa kowane gefe har ya yi ja. Ko a yanka ta ƙanana a zuba a miyar alayyahu a madadin nama. Ɗanwake kuma, ku lura, sunansa ne wake, amma a gidaje da yawa garin rogo da fulawa sun fi waken yawa, sannan a yi masa wanka da mai. Kwaɗon zogale abinci ne mai kyau, ganyen ba shi da kalori mai yawa, ƙuli-ƙulin da man da aka zuba su ne abin aunawa.

Maza kuma kada ku ga ina magana da mata ku ɗauka kun tsira. A wajen mai nama, idan ka ce a yanka maka balangu, kalli abin da ake haɗa maka: tsoka biyu, kitse ɗaya. Ka ce zallar tsoka kake so. Tsire ana shafa masa mai yana kan wuta, ka ce a rage. Hanta da ƙoda suna da furotin sosai, amma hanta sau ɗaya a mako ta isa. Ganda ba ta kai tsoka ingancin furotin ba, a ci don marmari, kada a lissafa ta a matsayin nama. Kilishi furotin ne mai yawa tunda an busar da ruwan, sai dai ga gishiri ga labu, kuma hannu ba ya tsayawa. Fara busasshiya fiye da rabin nauyinta furotin ne, matsalar dai ita ce suyar. Kyafaffen kifi irin na Baga, a wanke a zuba a miyar kuka, wannan babu abin cewa.

Ina muke? Na uku ko? To, bari in haɗa shi da na huɗu, lokaci ya ja. Ga misalin yini ɗaya. Da safe dafaffen ƙwai uku da kofin nono ba sukari, giram 26 ke nan. Nonon da aka kaɗe aka cire man ya fi kindirmo sauƙin kalori, amma da zarar an dama fura biyu an zuba sukari, lissafi ya canza. Da rana wake kofi ɗaya, shinkafa rabin kofi, kifi tafin hannu, mai cokali ɗaya, da salak ko kabeji mai yawa: furotin wajen giram 40, kalori kamar 550. Ku lura na juya abin, wake ya fi shinkafa yawa. Haɗa hatsi da wake dabara ce mai kyau, abin da ɗaya ya rasa ɗayan yana cikewa. Da dare ƙaramar malmalar tuwo, miyar kuɓewa ko kuka mai yawa, da kaza tafin hannu. An kai giram 100. Lemon kwalba na rabin lita ya haura kalori 200 ba furotin ko kaɗan, a bar shi. Furotin yana riƙe ciki ya daɗe, kuma jiki yana ƙona kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na kalorinsa wajen narkar da shi, mai kuwa bai wuce kashi 3 ba. A haɗa da tsugunna-tashi da ɗaga jarkar ruwa sau biyu ko uku a mako.

Na ga hannu. Bismillah, Baba.

(Wani dattijo ya tambaya: an ce yawan cin nama da ƙwai yana kashe ƙoda, shi kuma yana da ciwon suga da hawan jini, ya zai yi?)

Allah ya ƙara lafiya, Baba, kun yi tambayar da ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci. Ga mai lafiyayyar ƙoda, adadin da na ambata ba a san shi da cutarwa ba. Amma wanda ƙodarsa ta riga ta raunana, shi ana rage masa furotin ne, ba ƙarawa ba. Kuma ciwon suga da hawan jini su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, a hankali, ba tare da mutum ya ji komai ba. Don haka, Baba, kada ku ɗauki lissafin 1.5 ɗin nan tukuna. Ku je asibiti ku ce a duba muku ƙoda, gwajin jini ne da na fitsari, ku kai wa likitanku sakamakon, shi zai faɗa muku giram nawa ya dace da ku. Sannan idan kuna shan maganin suga ko kuna allurar insulin, kada ku rage tuwo da shinkafa farat ɗaya, suga zai iya faɗuwa, a ji rawar jiki da gumi da jiri, har suma. Sai an daidaita maganin tare da abincin. Kilishi da yawan dunƙulen miya kuma ku yi nesa da su saboda gishiri. Mai juna biyu da mai shayarwa su ma wannan tsarin ragewar ba nasu ba ne yanzu. Rage mai kuwa, Baba, wannan za ku iya farawa daga tukunyar daren yau, ku ce wa Hajiya a auna da cokali. Akwai wata tambayar?