Batirin injin huda ya mutu, mun farke shi a Hamburg

Assalamu alaikum jama'a. Yau a ɗakin ƙasa kuka same ni, nan Hamburg. Ku yi haƙuri da hular sanyi, wurin ba abin ɗumama ɗaki.

Ga majinyacin namu, batirin injin huda mai bolt 18. Da na ɗora shi a caja sai jar wuta ta yi ta ƙiftawa. Na leƙa shago, kuɗin sabo ya kusa kamo na injin, na ce a'a, bari dai mu ga cikinsa.

Na kwance murfin. Ku matso. Kun ga waɗannan masu kama da guntayen rake? Ƙwayoyin batirin ke nan, su ake kira 18650, wato kauri milimita 18, tsawo 65. Goma ne, an haɗa su bibbiyu, sahu biyar. Kowane sahu bolt 3.6 yake bayarwa, sau biyar ya tashi 18 ke nan. In sahu ya cika maƙil yana kai 4.2.

To ga mitar awon wuta. Sahu na farko 3.7, na biyu ma haka, lafiya lau. Na huɗu fa? 0.9. Ga ɓarawon! Biyun nan ne suka kwantar da sauran takwas, fanel ɗin da ke sama, mai sa ido kan ƙwayoyin, ya hango su ya hana caji.

A nan mutane ke yin ganganci. Wani zai jona masa wuta kai tsaye wai ya farfaɗo. Ƙwayar da ta faɗi ƙasa da bolt 2 ta daɗe a haka, cikinta ya riga ya lalace, tana iya kamawa da wuta kana barci. Ni ba da ni ba. Kuma duka goman zan canza, don tsoho da sabo ba sa tafiya kafaɗa da kafaɗa.

Masu ciro ƙwayoyi daga batirin laftof suna haɗa fawa bank, kamar yadda ake yi a gida, sannunku da ƙoƙari, amma a wannan aikin ƙwayoyin laftof ba za su yi ba. Injin huda zuƙar wuta yake kamar rijiya. Samsung 25R na sayo, kowace tana jure amfiya 20.

Ban kuma taɓa su da ƙarfen soda ba, zafinsa yana kashe su. Wannan 'yar na'urar walda ce, tana ɗana ƙyallen nikel a kai, tas, tas, shi ke nan. Na cire agogona da zobe tukuna. Sau ɗaya na taɓa ganin tartsatsi, ya ishe ni.

Matattun kuwa na liƙe bakinsu da salatif, Asabar zan kai su wurin karɓar tsoffin batura, a Jamus doka ta hana jefa su a shara. Yanzu mu hau sama mu yi caji, don a sanyin da ya kai na ƙanƙara ba a cajin irin wannan batir.