Ɗanyar Kaza Daga Kasuwa Zuwa Tukunya

(An rubuto daga laccar da wata jami'ar lafiya ta yi wa mata a Aboabo, Kumasi.)

Assalamu alaikum. Iyayena mata, sannunku da zuwa.

Idan muka je sayen kaza, tambayarmu guda ce: wa ya yanka? Tambaya ce mai kyau, amma bismillar mahauci ba ta kashe ƙwayar cuta. A hanjin kaza, ko da lafiyarta lau, ƙwayoyin salmonela da kamfilobakta, masu sa zawo, kan zauna. Wajen fiɗa hanji ya fashe, kashi ya taɓa nama. Sannan ku lura da ruwan zafin da ake tsoma kaji kafin a fige su: tun safe ruwa ɗaya ne, kaza bayan kaza, har ya huce ya yi baƙi. Ta ƙarshe ta kwashi dattin duk waɗanda suka riga ta.

Daskararriyar kaza ta kwali fa, wadda ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema daga Burazil, Amurka da Turai, kuma ita ce mafi yawan kazar da Gana ke ci? Ƙanƙara ba ta kashe salmonela, dakatar da ita kawai take yi. Dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ya zo, firji ya mutu, ko a baza cinyoyi a tire cikin rana a kasuwar Kejetiya, nama ya narke, da yamma a mayar da shi firji. Tsakanin digiri 5 da 60 na ma'aunin Selshiyos ƙwayoyin cuta suke hayayyafa.

Na ga Hajiya tana girgiza kai, wai ai tana wankewa da lemun tsami. Hajiya, ƙarni yake cirewa. Wankin ma fantsala ruwan yake yi kan kwanuka. Wuta ce ke kashe ƙwayoyin, idan tsakiyar naman ya kai digiri 75, babu ja kusa da ƙashi.

Inda aka fi kamuwa shi ne wuƙa da katako. An yanka kaza, an goge wuƙar da tsumma, an yanka kabeji da latas na waake (shinkafa da wake), waɗanda ba za su ga wuta ba. Kamfilobakta kan yi kwana 2 zuwa 5 kafin zawo ya fara, sai a ɗora wa kokon safiyar ranar laifi.

Ku ware wa nama katakonsa, ku wanke hannu da sabulu. Yaro ya fara zawo, a ba shi ruwan gishiri da sukari. Idan da jini ko zazzaɓi, a kai shi asibiti, kada a saya masa kafso a kemis.